Rijiyar Utul da Rijiyar Ƙanƙara

Abin da na fara lura da shi a Tamanrasat burodi ne. Ba na sayarwa ba. Guntaye ne a cikin leda, an ɗora su a kan katanga, a bakin taga, har a kan akwatin lantarki na gefen titi. Na taɓa Inna Ramatu na nuna mata. Ta ce mutanen nan ba sa zuba burodi a shara ko ya bushe, sai su ɗaga shi daga ƙasa, masu awaki su bi su kwashe. Sannan ta ce, "Ke dai idonki ba ya hutu, bakinki ne kullum yake bakansi, hutunsa ba ya ƙarewa."

Gaskiya ta faɗa. Tun da aka koma lekkol, wato makaranta, ƙawayena Zainabu da Hawa'u suke damuna in ba su labarin tafiyar, ni kuwa in mutum biyu suka zuba mini ido sai maganar ta ƙi fitowa. Shi ya sa na rubuta, ku karanta ku bar ni in huta.

Inna Ramatu yayar mahaifiyata ce. Tana kai turare da atamfa Aljeriya, bana gwiwa ta matsa mata, aka ce in raka ta in riƙa ɗaukar jaka ina karanta mata takardu. Amma ni Kawu Issufu nake ɗokin gani, ƙaninsu, wanda ya daɗe a can yana aikin foraj, wato haƙa rijiya da inji. Duk shekarun nan a ƙarƙashin wasu yake. Bana ne karo na farko da aka ba shi rijiya tasa shi kaɗai, a garkar wani dattijo, wato lambunsa, a Utul, kusa da Tamanrasat. Tsohuwar rijiyar garkar ta ƙafe, itatuwa suna rayuwa da ruwan motar tanki. Injin ma aro ne daga tsohon maigidansa. Kawu ya faɗa wa mahaifiyata a salula, ina ji: "Yaya, in wannan ta ba da ruwa na tsaya da ƙafafuna. In ta ƙi, sai in koma ɗaukar wa mutane ƙarfe har in tsufa."

Daga Damagaram zuwa Agadas a kar, babbar motar fasinja, muka tafi. Ba abin da ya faru sai wata mata da ta ɗora mini ɗanta a cinya tun daga Tanut, ta yi barcinta, ni kuma na kasa ce mata ƙafata ta mutu. Da muka sauka sai da Inna ta riƙe ni, mai ciwon gwiwa tana jan mai lafiya. Mun kwana biyu a gidan wata ƙawar Inna, wadda ta ba mu cuku da dabino ta ce guzuri ne, ta kuma ja mini kunne kada in sha ruwa da yawa a hanya don direbobin arewa ba sa tsayawa.

Ba ta yi ƙarya ba. Daga Arlit babu kwalta, sai sawun motoci a rairayi. Mun tafi a ayari, motoci suna bin juna. Direbanmu, wani dogon Buzu, ba ya magana da kowa sai motarsa. In ta fara nishi a rairayi mai laushi sai ya shafa sitiyari ya ce, "Haba, Hajiya." Sau biyu Hajiya ta ƙi jin lallashi, maza suka sauka suka tura. Inna ta amsa sau ɗaya, tana zaton da ita yake.

A Asamaka, bakin iyakarmu, ruwan wurin warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Na yi alwala da shi ina riƙe numfashi. Jandarma ya duba takarduna ya dube ni ya ce, "Ita wannan ba ta magana?" Inna ta ce, "Ni nake yi mana mu biyu." A In Gezzam, ɓangaren Aljeriya, wani ɗan dowan, wato kwastan, ya buɗe jakar tsarabar Kawu, ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Ya ja da baya har ya bugi tebur. Ya kira abokinsa, shi ma ya shinshina, suka yi ta Larabci da sauri. Inna ta ɗauko tukunyar da ba ta nan, ta motsa da ludayin da ba ya nan, ta ɗanɗana, ta sumbaci yatsunta. Suka fashe da dariya, suka ɗaure mata ƙullin da leda uku suka miƙo da hannu biyu.

Mun sauka a unguwar Sarsuf, gidan wani ɗan Maraɗi mai kanti. Garin ya ba ni mamaki da sanyinsa, don a kan tudu yake. Da safe har mayafi nake ƙarawa, alhali a gida lokacin ana neman inuwa. Ranar hutunsu Juma'a ce da Asabar, Lahadi kowa na buro, wato ofis. Abinci kuwa komai da burodi: miyar shorba da burodi, wake da burodi, har taliya na ga ana turawa da burodi. Kwana uku na fara mafarkin tuwo. Matar gidan ta ce ita ma shekararta ta farko haka ta yi, har kuka ta yi a kan fura.

Kawu a Utul yake kwana saboda aikin. Ran kwana na huɗu muka shiga mota muka je.

Tun daga nesa muka ji ƙarar injin. Garkar tana bakin wani busasshen kwari, da rumman da ɓaure da rumfar inabi, ganyensu duk ya yi laushi. Kawu ya taho da gudu, laka har gira. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya dube ni ya ce, "Wannan Balkisa ce? Ɗiyata, har yanzu ana biyan haraji ne kafin ki yi magana?" Na rufe fuska da mayafi.

Ya nuna mana aikin. Inji yana juya sandunan ƙarfe da aka ɗaura ɗaya bisa ɗaya zuwa cikin ƙasa. Famfo yana tura ruwan laka ta cikin sandunan, lakar ta dawo ta gefe tana ɗauke da rairayin da aka haƙo, ta zuba a wani ɗan kwarmi, famfo ya sake ja. Ya ce lakar ce ke riƙe bangon ramin. Ma'aikatansa biyu, dukansu magidanta daga Tawa, suka ɗaga mana hannu.

Ana haka sai ga mai garkar, Baba Kinan, da baƙi uku, dattawa daga Tahifat da suka zo ganin rijiya. Ku sani, gaisuwar Buzayen can ba irin tamu ba ce. Mu da ƙarfi muke yi, har maƙwabta su ji. Su kuwa bakinsu a rufe yake da rawani, muryar ƙasa-ƙasa, su shafa tafin hannun juna su janye, su sake shafawa, a tambayi gida, a tambayi zafi, a tambayi gajiya, a sake komawa kan gida. Da ƙarar inji ba mai jin wani. Na ga babbansu ya kai hannu kunne. Kawu ma ya gani. Kunya ta kama shi, ya juya ya kashe inji da famfo gaba ɗaya, sandunan suna can ƙasa.

"Minti biyar," ya ce wa ma'aikatansa.

Amma an riga an hura gawayi. Shayinsu kuwa kofi uku ne, kuma wanda ya sha na farko ba ya tashi sai ya sha na uku. Aka kira Kawu da mutanensa, ba damar ƙi. Inna ta tafi wajen mata. Ni na rasa inda zan sa kaina, sai na zauna a inuwar injin, kusa da kwarmin laka.

A nan na ga abin. Akwai wani ɗan dutse fari a gefen kwarmin, laka ta rufe shi rabi. Kafin a gama kofi na farko dutsen ya fito duka. A bakin ramin ma lakar tana sauka a hankali, kamar wani na tsotsa daga ƙasa, kuma ina jin wani ɗan sauti, sur-sur, irin na gero in buhu ya huje. Ban san ma'anarsa ba, amma jikina ya ba ni ba daidai ba ne. Na miƙe. Na dubi tabarmar: maza bakwai, dattijo yana magana, kowa ya sunkuyar da kai. A gidanmu ko ruwa zan kai wa baƙin Baba, ajiyewa nake in fita da baya. Na koma na zauna. A kofi na biyu na sake miƙewa, har na yi taku uku. Kawu ya ɗago ya yi mini murmushi, ni kuma na yi kamar takalmina nake gyarawa.

Da aka gama na uku aka ta da inji. Ya yi gurnani, ya yi hayaƙi, sandunan ba su motsa ba. Ba sa juyawa, ba sa hawa. Rairayi ya rufto ya riƙe su. Kawu ya ƙara wuta har ƙarfen ya fara kuka.

"Kashe! Kashe shi, za ka tsinke su!"

Wata mata ce ta fito daga wajen mata, siririya, da lulluɓi shuɗi da takalman maza masu igiya. Ita ce Takna, ɗiyar Baba Kinan. Mahaifiyarta 'yar Agadas ce, don haka Hausarta tas. Ta durƙusa a bakin ramin ta zura hannu, ta murza lakar a yatsu.

"Wa ke bakin rami lokacin da kuka tsaya?"

Kawu ya zauna a kan wani bido, wato jarka, ya riƙe kai. Na ji yana ce wa Inna, "Yaya, sandunan mutane ne. Rijiyar ma ta tafi." Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba.

Bayan azahar na kasa cin abinci. An yi tagella, burodin da ake gasawa cikin rairayi mai zafi a farfasa a zuba miya, kowa na yabo, ni ina juya loma ɗaya. Tanti Takna ta lura. Ta ce in zo in riƙe mata buta a gindin ɓaure. Muna mu biyu sai maganar ta fito da kanta.

"Tanti, ni na gani."

"Me kika gani?"

Na faɗa mata dutsen, da saukar lakar, da sautin. Ta tambaye ni a kofi na nawa dutsen ya fito. Ta tambayi ko lakar ta yi kumfa. Ba wanda ya taɓa yi mini tambayoyi haka kamar amsata tana da amfani. Da na gama ba ta ce mini "ba komai" ba. Ta ce, "Da kin yi magana da an tsira. Amma ba wanda ya gaya miki kina da izini. Zo ki ga wani abu."

Ta ɗauko kwamfutarta. Hoton farko fari ne fat, sama da ƙasa, sai wasu tantuna ja da mutane kamar buhunan auduga. Ta nuna ɗaya ta ce ita ce. Wurin sunansa Antaktika, can ƙarshen duniya ta kudu. Injiniya ce, ta yi karatun injunan haƙa, aikin ya kai ta can tare da masu binciken teku.

"Wannan da muke tsaye a kai ba ƙasa ba ce," ta ce. "Ƙanƙara ce, kaurinta ɗaruruwan mitoci, ta gangaro daga tudu ta kwanta a kan teku tana yawo a kansa kamar fai-fai a bakin tulu. A ƙarƙashinta akwai ruwa da rana ba ta taɓa gani ba. Shi muke so mu kai."

Na ce da wane irin ƙarfe ake huda ta. Ta yi dariya ta ce ba ƙarfe, ruwan zafi. Sai su yi kwanaki suna kwasar ƙanƙara da shebur suna zubawa a manyan tankuna na roba, su narkar, su dafa, su tura ta wani dogon tiyo mai nauyin kai. Ruwan zafin yana cin ƙanƙara, tiyon yana sauka a hankali. Faɗin ramin bai fi faranti ba. In an kusa, kowa sai ya taru yana kallon ma'aunin ruwan cikin ramin, don da an fasa zuwa teku ruwan sai ya motsa nan take ya daidaita da na tekun. Haka suke sanin sun isa.

"To amma ga matsalar. Daga lokacin da kika janye zafi, ramin ya fara rufewa. Ba ya jiran kowa. Kina da ɗan lokaci kaɗan ki saukar da na'urori, ki auna ɗumin ruwan da gishirinsa, ki ɗebo shi a kwalabe, ki ɗebo lakar ƙasan teku, ki fito da komai kafin ƙanƙara ta cije. Don haka ba a tsayawa. Wasu na barci wasu na aiki. Ranar ma ba ta faɗuwa a watannin, zagaye kawai take yi. Da agogo nake sallah."

Na tambaye ta me ya sa ake wannan wahala. Ta ce ruwan teku mai ɗan ɗumi yana shiga ƙarƙashi yana cin ƙanƙarar daga ciki, inda ba mai gani. Ita kuwa wannan shimfiɗar ita ce ke tare ta kan tudu kada ta zubo da sauri. In ta yi rauni, teku zai ƙaru, garuruwan bakin ruwa su sha wuya. Ba yadda za a san saurin abin sai an leƙa.

Sannan ta kunna mini bidiyo. Kamara tana sauka cikin rami, bango fari yana wucewa, ya koma shuɗi, sai duhu, sai fitila ta haska ruwa. Ƙasan ƙanƙarar ba sumul yake ba, lotsa-lotsa ne kamar bayan kwanon da aka bubbuga. Wani ɗan abu ja mai ƙafafu da yawa ya zo ya leƙa kamarar ya wuce.

"Akwai biyu," na ce. "Ga wani can a gefe, ya maƙale."

Ta mayar da bidiyon baya, ta matso da fuska. Ta dube ni, ta sake duban hoton. "Sau nawa na kalli wannan," ta ce a hankali.

Baba Kinan ya iso yana jan sandarsa. Ya iya Hausa tun yana saurayi, lokacin da yake bin ayarin raƙuma zuwa Damagaram. Ya leƙa kwamfutar ya ce mini, "Kin ga ɗiyata? Ta tafi ƙarshen duniya, ta haƙa rijiyar da ta fi ta kowa zurfi, ta tarar da ruwan gishiri. Kwana biyu kuma rijiyar ta rufe. Ko akuya ɗaya ba ta sha ba."

"Abba, ai an samu abin da aka je nema."

"Ni dai a nan na fi son a samu."

Da ya wuce ta ce, "Abin da nake so ki ji shi ne wannan. A can muna da doka. Kullum akwai mutum ɗaya a bakin rami, ba ya taɓa komai, kallo kawai yake. Kuma kowa, ko mai dafa mana abinci, in ya ga abin da bai gane ba yana da ikon ya yi ihu a tsaya. In ya zamana ba komai, ba mai yi masa dariya, shugaban ma godiya yake yi. Wata rana mai dafa abincin ne ya ga tiyo yana ɗan karkacewa a kan ƙafarsa ta juyawa. Mu injiniyoyi huɗu muna tsaye ba mu gani ba."

Da la'asar ta tara Kawu da mahaifinta. Ta ce in tiyo ya maƙale a ƙanƙara ba a ja da ƙarfi, ruwa ake aika masa. Nan ma haka za a yi: a zura siririn bututu ta gefen sandunan, a yi ta tura ruwa yana wanke rairayin daga sama zuwa ƙasa, ba tsayawa ko na minti ɗaya. Amma abin zai ci ruwa sosai, kuma ruwan da ake da shi kaɗai shi ne na motar tanki da za ta zo da safe, na itatuwa. Wata motar sai bayan kwana uku.

Kawu ya ce, "Amgar, ba zan iya roƙonka wannan ba." Amgar shi ne yadda suke kiran dattijo.

Baba Kinan ya daɗe yana kallon garkarsa. Ya ce, "Rumman zai jure. Ɓaure ya ga abin da ya fi wannan. Inabin ne..." Ya gyara rawaninsa. "Ni na kawo baƙin, ni na sa aka hura gawayi. Ku ɗauki ruwan."

A Utul muka kwana. Da safe aka haɗa komai. Tanti Takna ta sa aka kwaɓa wata laka mai kauri da ƙaiƙayi da kashin awaki aka ajiye a rabin tano, wato gangar ƙarfe, ta ce in ƙasa ta fara shanye ruwa da ita za a toshe. Sannan ta yanko zarɓar dabino, ta ɗaura mata jan zare, ta kafa a kwarmin. A gaban kowa ta ce, "Balkisa ce mai bakin rami."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya yi dariya. Ta dube shi, ya daina.

"In laka ta sauka ƙasa da zaren nan, ki yi ihu. Ban ce ki ɗaga hannu ba. Ban ce ki zo ki tsaya kusa da ni kina murza mayafi ba. Ihu."

Na tsuguna. Awa ɗaya, awa biyu, bututun yana shiga kaɗan-kaɗan, rairayi yana fitowa, da fari mai laushi, daga baya mai tsakuwa. Rana ta hau. Aka kawo shayi, wannan karon a tsaye aka sha, Baba Kinan da kansa ya riƙa bin mutane da kofi. Ƙafata ta mutu, ban motsa ba. Tanti Takna tana riƙe da bututun da hannu biyu, idonta a rufe wani lokaci, wai da hannu take jin abin da ke faruwa a ƙasa.

Wajen sha ɗaya famfo ya fara tari. Tanti Takna ta miƙa wa wani ma'aikaci bututun, ita da Kawu suka koma wajen famfon, Baba Kinan ya bi su yana magana. Duk sun ba ni baya. A daidai lokacin zaren ya fito daga laka. Yatsa ɗaya. Yatsa biyu.

"Kawu," na ce. Ni kaina ban ji ba.

"Kawu!" Inji ya haɗiye. Kuma a can ba mai kiransa haka, kunnensa bai saba ba. Yatsa huɗu. Ga dattijo yana tsakiyar magana.

"ISSUFU! Tana sauka!"

Kowa ya juyo, har matan da ke can gindin ɓaure. Tanti Takna ta riga kowa gudu. Suka kifa rabin tanon nan a kwarmi, famfo ya ja lakar mai kauri, muka zuba wa zaren ido. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan laka ta fara hawa har ta rufe shi.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na kira ƙanin mahaifiyata da sunansa tsirara, a gaban dattawa. Na hango Inna ta dafe ƙirji.

Ba a samu lokacin yi mini faɗa ba. Aka ci gaba. Bayan azahar, ruwan tankin saura kaɗan, Tanti Takna ta ce wa Kawu ya gwada juyawa, a hankali, kamar mai buɗe ƙofar ɗakin mara lafiya. Ƙarfen ya yi ƙara. Ya yi rawa. Ya juya rabi, ya tsaya, ya juya duka. Ma'aikatan suka yi kabbara. Kawu ya ci gaba da fito da sandunan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa kowace kamar ya ga ɗan'uwa. Da ta ƙarshe ta fito ya zo ya tsuguna a gabana, fuskarsa duk laka.

"Tun da tsohuwarmu ta rasu ba wanda ya kira ni da wannan muryar," ya ce. "Har na ji kamar na bar awaki sun shiga gona."

"Kawu, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Gobe ma in kin gani ki kira. Amma kada ki gaya wa uwarki."

Inabin bai jure duka ba. Layin da ke bakin katanga ya zubar da ganye kafin motar ta dawo, na ga Baba Kinan yana tsinke busassun 'ya'yan yana zubawa a aljihu. Rijiyar kuwa ta ba da ruwa bayan kwana biyar, da hantsi, ja da fari sannan garau, mai sanyi har haƙori. Dattawan Tahifat da suka dawo suka ce wa Kawu akwai garka biyu a wajensu da ke jiransa. Ina wurin, da idona na gani. Yadda aka yi nake wurin kuwa shi ne abin da na fi so ku sani.

Ranar da sandunan suka fito, da yamma, Inna ta ɗaure jakarta. Kayanta suna Sarsuf ba a sayar ba, ga masu kanti suna jira. Ta ce, "Tashi mu tafi, mai ihu. Kin ga yadda kika yi da zanenki?" Tanti Takna tana wanke hannu a gefe, ba ta sa baki ba, ba ta ma dube ni ba. Na san ba za ta roƙa mini ba. Ramin kuma da sauran haƙa, ga zarɓar can a kafe ba kowa a gabanta.

Na bi Inna har bakin mota ina riƙe da jakar. Direba ya miƙo hannu zai karɓa, ban saki ba.

"Inna."

"Mene ne kuma?"

"Takardun dowan na karanta miki su duka, sauran matar gidan da muka sauka za ta iya. Ki bar ni a nan wajen Tanti Takna. Don Allah, Inna, ki bar ni a bakin ramin har ruwa ya fito."